Bakwaini da Murar Masu Barka

Cikin kalmomin da Bahaushe ya tanada domin sha'anin haihuwa, da wuya a sami wadda ta kai «bakwaini» ɗaukar ma'ana. Kalma ce ta lissafi, domin daga bakwai aka ciro ta, wato ɗan da ya faɗo duniya cikin wata na bakwai bai jira cikar tara ba. Kalma ce ta tausayi, domin duk macen da ta ji an ce wance ta haifi bakwaini takan yi shiru, sa'an nan ta ce Allah ya raya. Har wa yau kalma ce ta raha, domin yaro mai garaje, wanda ba ya iya jiran a sauke tukunya, akan tambaye shi ko shi bakwaini ne. Likitocin zamani sun faɗaɗa ma'anar. A wurinsu duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika sati 37 bakwaini ne, ko da a wata na takwas ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani a Nijar da OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai miliyan 13 da dubu 400, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma.

Akwai wata kalma kuma da ba ta da nauyi ko kaɗan a bakin mutane, ita ce «mura». Ba a zuwa dubiyar mai mura, ba a fasa kasuwa dominta, malami ba ya ba ɗalibi izinin zama gida saboda ita. In an tambayi mutum jikinsa ya ce «ƴar mura ce», zance ya ƙare. An ce da ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Tashin hankali yana zuwa ne ranar da waɗannan kalmomi biyu suka haɗu a ɗaki guda. Abin da ke sa babba atishawa kwana uku ya wuce shi ne ke iya toshe wa bakwaini numfashi cikin dare ɗaya, kuma harshen Hausa, duk da wadatarsa, suna ɗaya yake ba su duka biyu.

Watanni uku na ƙarshen ciki lokacin haɗa guzuri ne. A cikinsu ne jinin uwa ke tura wa ɗan tayi, ta hanyar mabiyiya, mafi yawan sinadaran kariya da jikinta ya tara daga cututtukan da ta taɓa yi ta warke. Jaririn da ya cika wata tara yana fitowa da wannan garkuwa ta aro, tana tsare shi kafin jikinsa ya koyi ƙera tasa. Bakwaini kuwa ya kama hanya tun ba a gama ɗaure masa guzurin ba. A cikin waɗannan watanni ne kuma huhu ke nuna. Huhun ɗan Adam kamar itace ne da aka kifa: gindinsa maƙogwaro, rassansa suna ta rabuwa suna ƙara siranta, har su ƙare da ƴan mitsi-mitsin jakunkuna inda iska ke shiga jini. A jikin bakwaini ƙananan rassan nan ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba, naman da ke tsakanin haƙarƙarinsa ba shi da ƙarfi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umurnin numfashi bai gama ƙwarewa ba, har yakan yi shiru na ɗan lokaci kamar ya manta aikinsa.

Ƙwayar cutar da ta fi kowace cin gajiyar wannan rauni birus ce, wato irin ƙwayoyin da suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Masu Faransanci suna taƙaita sunanta da haruffa uku, VRS, masu Ingilishi su ce RSV. An fara gano ta a shekarar 1956 a wani ɗakin bincike na sojan Amurka, a jikin wasu birai irin na cimfanzi da mura ta kama. A 1957 wani likita mai suna Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai masu ciwon huhu a birnin Baltimo, aka gane ashe cutar mutane ce. Daga aikinta aka ciro sunan da aka raɗa mata: idan ta shiga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyar numfashi, sai ta narkar da iyakar da ke tsakaninsu su haɗe su zama dunƙule ɗaya, kamar gidajen unguwa da aka rushe katangun da suka raba su.

Ta hanci da ido take shiga. Takan yi kwana huɗu zuwa shida tana hayayyafa ba a sani ba, sa'an nan majina ta fara zuba, da atishawa, da ɗan zafin jiki. Ga yawancin mutane iyakarta ke nan. Kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da ita kafin ya cika shekara biyu, kuma kamuwa ɗaya ba ta hana ta biyu, saboda haka mutum yana ta haɗuwa da ita har tsufansa yana kiranta mura. A jikin ƙaramin jariri kuwa takan gangara daga hanci zuwa ƙananan rassan huhu. Bangon rassan ya kumbura, matattun ƙwayoyi su zube a ciki, majina mai kauri ta haɗe su, hanyar da dama can ƙanƙanuwa ce ta toshe. Iska takan kutsa ta shiga da ƙyar, fita kuwa ta gagara. Wannan shi ne ciwon da likitocin Nijar ke rubutawa a takarda da sunan buronkiyolit. Jariri ya shiga kokawa da numfashi, kuma da yake ba ya iya tsotso da haki a lokaci guda, sai ya saki nono. Rashin nono ya kawo rashin ƙarfi, rashin ƙarfi ya ƙara wahalar numfashi. A wurin bakwaini ma wani lokaci ba a jin tari, ba a jin zazzaɓi. Alamar farko ita ce ɗaukewar numfashi: ƙirji ya tsaya cik, launin leɓe ya sauya.

Wani babban ƙiyasi da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai wannan birus ta jawo ciwon huhu sau miliyan 33 ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ta kwantar da miliyan 3 da dubu 600 a asibiti, ta kuma yi sanadin mutuwar kimanin dubu 101. Kusan rabin waɗanda suka rasu ba su cika wata shida ba. Fiye da kashi 97 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suka auku. Akwai adadi ɗaya cikin ƙiyasin da ya cancanci a tsaya a kansa: daga cikin dubu 101 ɗin nan, kimanin dubu 26 ne kawai suka rasu a gadon asibiti. Sauran, wato uku cikin huɗu, a gida suka cika ko bisa hanya, babu wanda ya rubuta sunan ciwonsu. Cutar ba baƙuwa ba ce a Sahel. Wani binciken da aka gudanar a ƙasashe bakwai, ciki har da Mali da Gambiya, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran da matsanancin ciwon haƙarƙari ya kwantar VRS ce ta kwantar da su. A Yamai ma masu bincike na cibiyar CERMES sun same ta a sahun gaba cikin ƙwayoyin da ke kai yara asibiti da ciwon numfashi.

Idan aka tambayi tsofaffi daga ina wannan ciwo ke zuwa, amsa ɗaya ce: sanyi ne ya shige shi. Shi ya sa ake tula wa jariri riguna da hula da safa, a rufe taga, a shigo da garwashi cikin kasko. Akwai gaskiya cikin tsoron sanyi, domin bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumin jikinsa, kuma sanyi shi kaɗai yana iya kashe shi. Amma sanyi ba ya haifar da ƙwayar cuta. A Turai da hunturu VRS ke yaɗuwa, lokacin da mutane ke cunkushewa a ɗaki. A Gambiya kuwa bincike na shekaru ya nuna da damina take tashi. Babbar hujja ta zo a 2020, lokacin annobar Korona. Da aka rufe makarantu, aka rufe hanci da baki, aka dage da wanke hannu, sai hunturun ƙasashe da dama ya zo ya wuce ba a ga jarirai masu buronkiyolit ba sai ɗai-ɗai. Da aka saki jiki cutar ta dawo, a Ostareliya har cikin tsakiyar zafi. Sanyi bai fasa zuwa ba a waccan shekara, cuɗanyar mutane ce ta ragu.

Daga mutum zuwa mutum take tafiya. Tana fita cikin feshin tari da atishawa, tana zama a tafin hannu, tana iya yin sa'o'i da rai a kan kwano da marfin ƙofa da wayar salula. Mai ɗauke da ita yana yaɗa ta kwana uku zuwa takwas, wani lokaci tun kafin shi kansa ya san ya kamu. Hannun da ke kawo wa bakwaini ciwo hannun masoyi ne, domin maƙiyi ba ya zuwa barka.

A ɗauki gida irin wanda kowa ya sani, a Maraɗi ne ko a Tasawa ko a Birnin Ƙonni. Matar gidan ta haihu da wata bakwai da ƴan kwanaki. Jaririn ya yi sati biyu a gidan haihuwa cikin kwalba, har ya fara kama nono aka sallame su. An raɗa suna tun ranar bakwai a ƙofar gida, amma taron mata an ɗage shi sai mai jego ta dawo. Ranar da ta dawo kuwa gida ya cika, domin murna biyu ce, ta haihuwa da ta kuɓuta. Tun hantsi mata ke shigowa da sabulu da atamfa da ƴan kuɗin barka. Kowace ta zauna bakin gado sai ta miƙa hannu. Kaka ta ce a kawo mata mijin nata ta gani, gwaggo ta ce hancin na gidansu ne, maƙwabciya ta sumbace shi a goshi, ta juya ta share hanci da gefen mayafi, ta ce ƴar mura ce ke damunta tun shekaranjiya. Kafin la'asar jaririn da bai kai kilo biyu ba ya ratsa hannuwa masu yawa, cikin ɗakin da aka rufe tagoginsa don gudun sanyi. Babu wadda ta yi laifi a cikinsu. Zumunta a ƙafa take, kuma wadda ba ta zo barka ba ita ake zargi.

Da yamma ga wani mai ziyara da ba a lissafa shi cikin baƙi. Yayan jaririn ne, ɗan shekara shida ko bakwai, ya taso daga lakwal, inda ya wuni kafaɗa da kafaɗa da tsaransa, rabin aji suna jan majina. Ya jefar da jaka ya ruga wurin ƙanensa. Masu bincike a Kilifi, a gaɓar tekun Kenya, sun bi gidaje suna auna majinar kowa da kowa sau biyu a sati har tsawon lokacin yaɗuwar cutar, suka gano cewa mafi yawan lokuta yara ƴan makaranta ne ke shigo da ita gida kafin ta isa ga jariri. Wannan magana ta shafi malamai kai tsaye. Ajin da malami ke tsayawa a gabansa kowace safiya mahaɗar gidaje ce masu yawa, kuma a wasu daga cikinsu akwai sabuwar haihuwa.

Sau da yawa mai jego ta ji gargaɗin ungozoma kafin a sallame ta, ta kuma fahimta. Bakin faɗa ne ba ta da shi. Yarinya mai haihuwar fari, wadda al'ada ma ta hana ta nuna ɗoki a kan ɗanta, ta yaya za ta dubi uwar mijinta ta ce: «Inna, ki wanke hannu»? Ta yaya za ta hana yayar mijinta ɗaukar jariri ba a ce ta raina dangi ba, ko tana zargin wani da kambun baka? Kunya ado ce a ƙasar Hausa, amma a nan takan rufe bakin mutum ɗaya tilo da ya san haɗarin. Saboda haka duk wayar da kan da ya tsaya ga mai jego ita kaɗai, ya bar kaka da uwar miji da maigida, shuka ce a idon makwarwa.

Kwana huɗu ko biyar bayan taro, majina ta fara. Ciwon yakan tsananta tsakanin kwana na uku da na biyar da farawarsa, don haka jaririn da aka gani da sauƙi ranar Litinin yana iya shiga haɗari daren Laraba. Ba a bukatar na'ura domin a gane. A buɗe ƙirjin jariri lokacin da yake kwance shiru, a dubi agogon waya, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif. Ga wanda bai kai wata biyu ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. A duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki sosai duk lokacin da ya ja iska, ko ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi. A duba leɓe da harshe ko sun yi duhu. A lura ko ya rage tsotso, ko ya yi laushi ba ya farkawa don yunwa, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashin yana ɗaukewa. Ɗaya daga cikin waɗannan alamu ta isa a kama hanyar likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Abin da aka saba yi kafin a tafi shi ke cinye lokacin. A aika yaro wurin mai tallar magani ya sayo antibiyotik, alhali kuwa antibiyotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa birus. A ɗura ruwan maganin tari, wanda likitoci suka hana ba jarirai. A shafa man zafi a hanci, a yi turare, a lasa zuma, wadda ita ma ba a ba yaron da bai shekara ba, ko a kira wanzami a ce beli ne. A asibiti ma aikin da ake yi na riƙe jariri ne da rai har jikinsa ya ci ƙarfin cutar: a share masa hanci da ruwan gishiri na likita, a sa masa iskar oksijen, a tatsi nonon uwa a ba shi ta siririn tiyo in ba ya iya tsotso, a sa ido kan numfashinsa dare da rana. Da wannan kulawa mafi yawan jarirai suna tashi cikin sati ɗaya ko biyu. A Nijar an ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, sai dai takardar kyauta ba ta rage kilomitocin da ke tsakanin ƙauye da gadon da ke da oksijen. Wanda hanyarsa ke da nisa, shi ya fi kowa bukatar tashi da wuri.

Neman rigakafi ya ɗauki kusan shekara sittin, kuma da masifa ya fara. A tsakiyar shekarun 1960 an gwada wata allura a Amurka da aka yi da matacciyar birus. Da lokacin cutar ya zo, yaran da aka yi wa allurar suka fi waɗanda ba a yi wa ba jigata, har biyu suka rasu, masana suka ja da baya shekaru masu yawa. A 1998 aka amince da palivizumab, wadda ita kanta garkuwa ce da aka ƙera a masana'anta ake zuba wa jariri. Domin bakwaini da ire-irensa aka yi ta, kuma ta rage kwanciya asibiti da kusan rabi. Amma sai an yi ta kowane wata har sau biyar, kuɗinta kuwa dubban dalolin Amurka ne ga jariri guda, saboda haka bakwainin Sahel ko labarinta bai ji ba.

Ƙofa ta buɗe a 2013, lokacin da masana a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, cikinsu har da Jason McLellan da Barney Graham, suka gano siffar ƙugiyar da birus ke maƙale ƙwayar halitta da ita. Wannan sani ya share hanyar makamai biyu. Na farko nirsevimab, garkuwa ƙerarriya wadda allura ɗaya tak ke tsare jariri kimanin wata biyar. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Faransa da Sifaniya suka fara yi wa jarirai ita a 2023, aka ga kwanciya asibiti ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa. Na biyu allurar mata masu ciki, wadda aka gwada a ƙasashe 18 har da Gambiya da Afirka ta Kudu. Uwa ake yi wa, jikinta ya ƙera garkuwa ya tura wa ɗan tayi, kamar allurar tetanos da mata suka saba karɓa wurin awon ciki. A watan Mayu na 2025 OMS ta shawarci dukkan ƙasashe su ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, a watan Yuli kuma ƙawancen Gavi, mai tallafa wa ƙasashe matalauta sayen alluran rigakafi, ya amince da buɗe shirin tallafi ga allurar masu ciki.

Labari ne mai daɗi, amma bakwaini yana da nasa ƙorafi a ciki. Allurar uwa daga sati na 28 ake fara ta, kuma tana bukatar kimanin sati biyu kafin garkuwa ta taru ta ratsa zuwa ga ɗa. Wanda ya fito a sati na 29, ko wanda uwarsa ba ta riga ta je awo ba, ya sake tafiya ba guzuri. Abin da ya dace da shi garkuwa ƙerarriya ce, ita ce kuwa mai tsada. Wanda ya fi kowa bukata shi ne na ƙarshe a layi. Sai dai mutanen Nijar sun taɓa ganin tsada ta karye. Sun ga sanƙarau yana share ƙauyuka da bazara, sun kuma ga allurar MenAfriVac, da aka ƙera a Indiya musamman domin Afirka a kan farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta kusan kawar da nau'in A na wannan ciwo. An yi wa sanƙarau wannan hoɓɓasa ne domin kowa ya san sunansa, an kuma ƙirga waɗanda ya kashe. VRS kuwa ɗaya-ɗaya take ɗauka, ɗaki-ɗaki, ba tare da an ambace ta ba.

Kafin allura ta iso akwai abin da ke hannu, kuma mafi yawansa al'ada ta riga ta tanada, gyara kawai yake so. Kakanni sun keɓe wa mai jego kwana arba'in, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa biki, ba ta fita da jariri. Abin da ya rage shi ne, yadda aka hana jariri fita wurin jama'a, a taƙaita shigowar jama'a wurinsa, ga bakwaini kuma a ƙara wa arba'in ɗin kwanakin da bai cika a ciki ba. Haka goyo. A 1978, a wani asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin Kolombiya, inda kwalabe suka yi kaɗan, likita Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane. Aka kira dabarar da sunan kangaru, dabbar Ostareliya mai ɗaukar ɗanta a aljihun ciki, kuma a 2022 OMS ta ba da shawarar a fara ta nan take bayan haihuwa. Ga Bahausa wannan goyo ne da aka juyo da shi gaba. Yana ba jariri ɗumi ba tare da garwashi ba, yana kusanta shi da nono, kuma jaririn da ke ɗaure a ƙirjin uwarsa cikin riga ba wanda zai miƙa hannu ya ɗauka. Nonon uwa zalla, tun daga dakashin farko, yana cike wani ɓangare na guzurin da aka rasa. Wutar wankan jego kuwa, da ta girki, da sigarin maigida, a nisanta hayaƙinsu daga ɗakin.

Sauran aikin na baki ne, kuma na waɗanda ake jin maganarsu ne. Kakar da ta zauna a ƙofar ɗaki da buta da sabulu, ta ce wa masu barka: «Sannunku da zuwa, Allah ya bar zumunci. Ku gan shi daga nan, likita ya hana a ɗauke shi sai ya yi ƙwari», ta yi abin da mai jego ba za ta iya ba, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Limamin da ya raɗa suna yana iya ƙara jimla ɗaya bayan fatiha, cewa mai tari ko mura ya aiko da barkarsa ya zauna gida. Ƙungiyoyin al'adu da masu wasan kwaikwayo na rediyo, waɗanda suka daɗe suna sa mutane dariya a kan rowar maigida da kishin kishiyoyi, suna da abin wasa a nan: baƙuwa mai atishawa da kaka mai tsaron ƙofa. Malami kuwa yana iya tambayar ajinsa wa aka yi wa ƙane a gida, ya koya musu wanke hannu da sabulu kafin su taɓa shi, in suna mura su tsaya daga nesa. Ƙirga numfashi a minti ɗaya darasin lissafi ne da na kimiyya a haɗe, kuma ɗalibar kolej da ta koye shi bana, nan da ƴan shekaru ita ce mai jego.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu harshe. Mutane ba su cika tsoron ciwon da ba shi da suna nasa na kansa ba. In an ce sanƙarau, kowa ya san wuya ne ya sanƙare, ya kuma san ba a kwana da shi a gida. Da sida ta zo aka samo mata ƙanjamau daga ƙanjamewar jiki, sunan ya yi wa'azin da allunan kan titi ba su yi ba. VRS kuwa haruffa uku ne na baƙon harshe a takardar likita, a gida kuma mura. Ko a ce «murar huhu», ko «toshe-ƙirjin jarirai», ko wani sunan da malaman Hausa da ungozomomi da ma'aikatan rediyo za su zauna su daidaita a kai. Abin da ake nema shi ne kalmar da uwa za ta faɗa wa maigida da ƙarfe biyun dare, ya tashi ya nemo babur ba gardama. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Bakwaini bai nemi komai mai tsada a wurin dangi ba illa haƙurin wata biyu ko uku da sabulu a bakin ƙofa. In ya yi ƙwari, ga shekaru nan gaba da za a ɗauke shi, a yi masa rawa, a tsokane shi da garaje.